Ƙarin da ke muƙamuƙin Yaya Garba

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Garba. Ba na ɓata lissafi, don a shekarar da Faransa ta soke aikin tilas ya cika, gari na ta kiɗa muna zaman makoki.

Mahauci ne a unguwar Treichville. Abin ya faro masa kamar ƙwallon goro a ƙasan muƙamuƙi, tun kafin yaƙin duniya na biyu. Da yake ba ya zafi, ba mu ɗauke shi ciwo ba. Yana girma a hankali har haƙoransa suka saki. Matan da ke sayen nama suka fara kau da kai, sai ya riƙa rufe haɓarsa da rawani. Mutumin da ya ciyar da unguwa nama ya koma shan kunu.

Ni abin da na iya shi ne alƙalami. Na yi rubutu na wanke, ya sha, ya ce, "Malam ƙarami, Allah ya amsa." Likitan Bature ya ce sai an cire ƙashin a Dakar, ga yaƙi, babu jirgi.

Sai amininsa Ilu wanzami ya ce ruwa ne ya taru, sakiya za ta fitar da shi. Ruwan kuwa ya fita, amma ramin bai sake rufewa ba, ya yi ta ruɓa. Kunya ta kori Ilu zuwa unguwar Adjamé, can ƙetaren gada, ya daina ƙetarowa wajenmu.

Bara aka yi wa 'yar maƙwabcina aikin irin wannan ƙari. Likitoci suka ce ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Ga ta nan tana tauna rake. Da Yaya ya gani, ina jin hamdala zai yi, sannan ya tambayi ko an sanar da Ilu.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne wata safiya, da ƙarfinsa ya ƙare, ya aike ni na taho da Ilu. Ilu ya tsaya bakin ƙofa.

Da ƙyar maganar Yaya ke fita. "Kai ragon wanzami, ranar nan rabin kaina ka aske ka gudu. Zo ka ƙarasa."

Ilu ya durƙusa, ya wasa aska, hawaye na zuba a kan da yake askewa. Da ya gama, Yaya ya shafa kansa, ya kama hannun Ilu.

"To, ba na binka komai."