Injin Motar Yaya Sale

Bana shekara sittin ke nan da rasuwar yayana Sale, direban da ya fara kai mota ƙauyenmu a Gazara. Ni ce autar ɗakinmu, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san muryarsa.

Ana murnar samun 'yancin kai ya sayi wata tsohuwar motar Amurka mai dogon hanci. Jikinta ya sha duniya, shi dai injin ya bi. Silinda shida ne a jere, layi guda, cikin baƙin ƙarfe mai nauyi. Yakan ce tun kafin yaƙin duniya na biyu ake ƙera irinsa, kuma shi ake sa wa manyan motoci, don haka ko a mataccen lori yakan samo kayan gyara. Fulogi duk a gefe ɗaya suke, hannu na kaiwa ko'ina. Ba ya gudu, amma yana ja cikin taɓo. Idan ya tayar da shi yakan ɗora kwanon ruwa a kai ya ce, "Duba, Auta, ko girgiza bai yi ba."

Da zafin bazara sanƙarau ya shigo ƙauyukanmu. Masu lori suka ƙi ɗaukar marasa lafiya. Yaya ya riƙa kwaso su daga ƙauyen Dandamisa zuwa asibiti a Zariya, ya dawo ya sake lodi. Innarmu ta tare shi a zaure ta ce ya bari haka.

"Inna, in na ajiye ta, a kan jaki za a kai su," ya ce.

Da shi ma ciwon ya kama shi, wuyansa ya sandare, babu wanda ya iya tuƙi a ƙauyen. Motar tana ƙofar gida ya cika.

Yanzu idan jikana ya buɗe gaban motarsa, roba kawai nake gani ta rufe komai, sai an jona kwamfuta a san ciwonta. Na san Yaya zai yi tsaki. Amma zai yi murna da ganin matan Gazara suna tuƙi, ga asibiti a Makarfi.

Bayan rasuwarsa an ciro injin motarsa, ya yi shekaru yana matse rake a Kudan, daga baya aka sayar da shi a kilo. Kabarin Yaya ma ya baje. Sai dai bara a wajen wani suna, wani tsoho kurma daga Dandamisa, wanda sanƙarau ya tafi da jinsa, ya gane ni. Yana cikin waɗanda Yaya ya kai asibiti. Ya durƙusa, ya daɗe bai tashi ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Sale.