Abin da Hancina Bai Ji Ba

Ɗana ne ya kai ni Guangzhou ta ƙasar Sin, shekarun da mutanenmu ba su cika gari ba tukuna. Yana loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a jirgin ruwa, ni kuwa ina tuƙa musu tuwon shinkafa a wani ɗan ɗaki kusa da kasuwar Tianxiu. Tare da mu akwai jikana, saurayi mai kaifin baki, shi ke yi wa ubansa tafinta.

To, mu a gida idan yaro ya durƙusa gaisuwa, sai ka sunkuya kamar za ka shafa kansa, ka shinshina. Giya ba ta ɓuya, wiwi ba ta ɓuya. Haka nake masa duk safiyar Lahadi idan ya dawo daga wurin abokansa Sinawa. Ba na jin komai sai zufa.

Amma yaron nan kansa ba ya tsayawa. Dama, hagu, dama, hagu, yana cizon haƙora, yana shan ruwa kamar raƙumi. Tuwona ko kallo.

"Maigida, ka yi sabuwar amarya ne da ka daina cin girkina?" na ce.

"Uwargida, kiɗa ne bai fita daga kaina ba," in ji shi, har da rungume ni.

Na ɗauka iskokin ƙasar ne suka shafe shi. Na yi ta turara masa habbatussauda, ina tofa masa addu'a a ruwa.

Wata 'yar Gana mai aika kaya ta zo cin tuwo, ta gan shi, ta ajiye lomarta.

"Hajiya, wannan ba iska ba ce. Ƙwaya ce suke haɗiya a gidan rawa, su kwana suna kaɗa kai. Ba ta da wari. Wani daga filin rawar ake ɗaukar gawarsa."

Da na tsare shi bai musa ba. Ya riƙe ƙafata. "Kada ki gaya wa Baba. Zai mayar da ni gida."

Na rufa masa asiri, na ba shi mako guda ya daina. Lahadi ta zo, ya shigo yana kaɗa kai, leɓensa duk jini. Ina ɗauraye hannu na je na gaya wa ubansa.

Aka mayar da shi Kano. Yana nan da ransa, har da 'ya'ya. Yana zuwa gaishe ni duk sallah, amma daga bakin ƙofa yake durƙusawa, inda hannuna ba ya kaiwa.