Malam Tahiru, Sun Tashi Ƙadangarunka Daga Barci

Na Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma. Ranar Talata, tara ga watan Janairu na shekarar 2001, ana tsakiyar sanyi, Allah ya karɓi ran Malam Tahiru ɗan Damagaram, mai shagon yadi a kasuwar Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, maƙwabcina a unguwar Sersouf. Ciwon sukari ne ya kwantar da shi, ya ci ƙafarsa, likita ya yi iyakar yinsa, Mai rai ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Barira, da ƴaƴa mata biyu, Sauda da Zuhura, da ƙanensa Sa'idu, da ƙadangaru bakwai. Yau da nake wannan rubutu, uku suka rage.

Malam Tahiru, ƴan ƙungiyarmu ta mutanen Damagaram sun ce ni Raliya in rubuta maka ta'aziyya, wai tunda na taɓa riƙe alli a lekkol, makarantar boko. Sun so kalmomi masu sanyi da za a karanta a gyaɗa kai a watse. Sun yi zaɓen tumun dare. Raina a ɓace yake, kuma kai ma ba ka tsira ba.

Wanda bai san gidanka ba zai ce wane irin ƙadangare ne ake lissafawa cikin abin da mamaci ya bari. Ba jan gwada na bisa katanga ba ne. Irin na duwatsun hamada ne, masu faɗin ciki da jela mai ƙaya, waɗanda Larabawan nan ke kira dab. Akwai masu kamo su, su farke cikinsu, su cusa ciyawa, su shafa mai, su jera wa baƙi masu yawon buɗe ido. A wurin irin waɗannan mutane ka tsinci na farko, da ransa, an ɗaure ƙugunsa da waya har ta shige nama. Ka saye shi ka kawo gida cikin aljihun riga. Ina jin ihun Barira ta katanga har yau. Kafin wata ya ƙare ka tashi murhunta daga kusurwar da rana ta fi daɗewa, ka tara duwatsu da rairayi, ka yi wa baƙonka ramuka. Barira ta yi fushin kwana biyu, daga baya ita ke tsinke masa ganye.

Haka ka yi ta yi shekara da shekaru. Ka sayo mai rauni, ka yi jinyarsa, in jiki ya dawo ka kai shi duwatsun hanyar Silet lokacin zafi ka sake shi. Waɗanda ba za su iya daji ba, makaho da gurgu da mai guntuwar jela, su ne suka zauna. Ka raɗa musu sunaye. Akwai wanda ka sa wa Dowan, wato ɗan kwastan, domin yana tare bakin rami, ba mai wucewa sai ya fizge abin da ke bakinsa. Akwai Hajiya, wadda ba ta fitowa sai rana ta take. Akwai Makaho, wanda ya san takunka.

Ni mai tambaya ce, shi ya sa na san abin da na sani. Na taɓa ce maka, "Malam, dabbobin nan ba sa ƙiba. Ko rowa kake musu?" Ka ɗauko Hajiya ka ɗora mini a tafin hannu, ka ce in taɓa gindin jelarta. Ka ce nan ne rumbunta. In ya cika ya yi tauri, lafiya lau take. In ƙashin ƙugu ya fito, akwai yunwa ko ciwo. In kuma wuya ya yi taiɓa, ciki na jan ƙasa, mai ita ya cuce ta da sunan so. Ganyen lambu kake ba su, da furen ƙaya, da ƴan ƙwayoyin gero jefi-jefi. Ba nama, ba madara, ba abin da ya hau wuta. Ka kuma faɗa mini abin da ya fi kome: in sanyi ya shigo sukan shige rami su yi barci, jiki ya yi sanyi ƙalau kamar sun mutu. A lokacin nan ba a tashinsu, ba a ba su kome, domin cikin da bai ji rana ba ba ya narkar da abinci, ruɓewa yake yi a ciki.

Unguwa ta yi maka dariya son ranta. Wasu suka ce tsafin kasuwa ne. Wasu suka ce rashin ɗa namiji ne ya taɓa ka. Waɗannan bakunan dai su ne ba su taɓa faɗin cewa duk saurayin Nijar da ya faɗo daga bene wurin aikin gini, ko aka tsinto gawarsa a hanya ba dangi ba iya, daga shagonka likkafaninsa ke fita ba. Kai ke yanka yadin da hannunka, ka bi gawar, ka dawo ka buɗe shago ba ka ce da kowa uffan ba. Lokacin da maigidana ya rasu, kai ka tsaya kan kome har aka rufe shi, matarka ta kwana ɗakina har na gama takaba. Ban manta ba, ba kuma zan bari a manta ba.

Amma bari in faɗa maka naka, tunda da kana raye ma ban saba ɓoye maka ba. Wanzami ba ya son jarfa. Kai da ke auna gindin jelar ƙadangare da yatsa, kai da ke hana Dowan ƙarin ganye don kada ya yi teɓa, me ya hana ka duba naka cikin? Likita ya hana ka sukari, ka ce shayi ba sukari zagin baƙo ne. Barira ta ɓoye kwalin, ka sayi wani ka ajiye a shago bayan yadi. Na ce maka ƙafar nan ta canja launi, ka ce takalmi ne. Ka san abin da ƙiba ke yi wa dabba mai jela, ka ƙi sanin abin da take yi wa uban ƴaƴa biyu. Wannan ban yafe maka ba tukuna. Ina roƙon Allah ya yafe maka, ni kuwa sai a hankali.

Yanzu ga abin da aka yi bayanka.

Ƙanenka Sa'idu ya iso daga In Amguel, inda yake gyaran tayar manyan motoci. Ranar sadakar uku gida ya cika, sanyi na cizo, kowa na neman rana. Wurin da rana take kuwa, nan ne duwatsunka suke. Sa'idu ya ce a kwashe su a shimfiɗa wa maza tabarmi. Da aka ɗaga duwatsu sai ga bayin Allah kwance a ramukansu, ba motsi. Mata suka taru suna salati. Wannan ta ce yunwa ce, tun da maigidan ya kwanta ba wanda ya kula da su. Waccan ta ce ai ciyar da dabbar mamaci sadaka ce, ladan na isa kabari kai tsaye. Da jin kalmar lada, kowa ya miƙe. Aka kanga su a bakin garwashi har suka fara wutsil-wutsil. Aka buɗe bakinsu da gindin cokali. Aka ɗura musu burodi jiƙe da madara, da kuskus mai romon kitse, ragowar abincin sadakarka. Kowace tana so nata cokalin ya shiga, kada a bar ta a baya wajen lada. Da cikinsu ya cika tim, aka zuba su a kwali aka tura ɗakin ajiya mai duhu, inda ko ruwan randa daskarewa yake so ya yi.

Ina can ɗaka tare da Barira ina karɓar gaisuwar mata. Sai da aka watse na fito na ga fili fetal inda gidansu yake.

Na ce, "Sa'idu, ina dabbobin yayanka?"

Ya ce, "Malama, kwantar da hankalinki. Yau sun ci sun ƙoshi, abin da ba su taɓa gani ba."

Na ce, "Wa ka tambaya?"

Ya ce, "Don a ba ƙadangare abinci sai an tambayi malamar lekkol?"

Na ce, "Tayar mota ma sai ka taɓa ka ji kafin ka ƙara mata iska."

Na kwashe su zuwa gidana. Na bi rana da su daga wannan bango zuwa wancan, na gasa duwatsu na naɗe da tsumma na jera musu, ko Allah zai sa abin ya narke ya fita. Ihu bayan hari. Dowan ne ya fara tafiya, shi da ya fi kowa haɗama, cikinsa ya kumbura kamar salka, madara na fita ta hancinsa. Uku suka bi shi cikin mako guda. Dabbar da ta tsira daga waya da wuƙar ƴan kasuwa, ta zo ta mutu da cokalin masu neman lada.

Ina magana da ku, matan Sersouf, da na san za a karanta muku wannan. Ba mugunta kuka yi niyya ba, na sani, shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai. Shekara nawa mutumin nan yana faɗi a gabanku cewa ba a tashinsu da sanyi? Kuna jinsa, kuna dariya, kuna cewa Tahiru da shirmensa. Ba ku taɓa ɗaukar maganarsa a bakin kome ba yana raye, ya mutu kun zo yi masa alheri irin wanda ku kuke so. A wurinku kome sai ya yi ƙiba ya zama lafiyayye, jariri da amarya da rago da miji. Tun muna yara aka karantar da mu cewa dabba ma tana da hakki, za a kuma tambaya. Ba a ce hakkinta shi ne a ɗura mata kuskus ba.

Kai kuma Sa'idu, naka ya wuce rashin sani. Da ka ji huɗu sun mutu, ka aiko a ba ka gawarwakin, wai za ka binne. Zuhura ta gan su a kasuwa, a jere a teburin masu cushen ciyawa, an shafa musu mai suna ƙyalli. Ta gane Dowan da tabon da ke wuyansa, ta dawo gida tana amai. Bai ishe ka ba, ka zo ƙofata ka ce ukun da suka rage dukiyar gado ce, kana da rabo a ciki tunda yayanka bai bar ɗa namiji ba, kuma ka riga ka yi ciniki da mai saye. Na san shari'a ta ba ka rabo. Na kuma san ba ni da ko ƙwayar gero a gidan nan, maƙwabciya ce ni kawai. Na ce maka ka jira ranar rabo, na rufe ƙofa, ko da yake na san in liman ya ce naka ne, ba ni da ta cewa.

Malam Tahiru, jiya aka zauna rabon. Liman ya zo da dattawa biyu, aka lissafa shago da gida da kaya. Sa'idu ya tada maganar ƙadangaru, dattawan suka yi murmushi, liman ya ce abu ne ƙarami, a bar masa. Sai muryar Barira ta fito daga bayan labule. Matar nan da tun rasuwarka ba ta ɗaga murya sama da amsa gaisuwa ba.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ina da tumuni a dukiyar nan ko ba ni da shi?"

Liman ya ce, "Kina da shi."

Ta ce, "To a fara sa mini su a ciki. Abin da ya rage a cika mini da yadi."

Sa'idu ya ce, "Yaya Barira, me za ki yi da ƙadangare?"

Ta ce, "Abin da mai su yake yi."

Liman ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa, aka sa mata su a rabonta, aka shafa fatiha. Yau da safe ni da Sauda da Zuhura muka mayar da duwatsun kusurwarsu ɗaya bayan ɗaya. Hajiya da gurgun sun shige rami da kansu. Makaho ya rame, ƙashin ƙugunsa ya fito, ban san ko zai ga zafi ba. Mun sa shi a bakin raminsa mun bar shi da Mai shi.

Allah ya jiƙanka, Malam Tahiru. Ya yafe maka abin da ka yi wa jikinka, ya saka maka da abin da ka yi wa gawarwakin baƙi da dabbobin da ba su da bakin godiya. Ya suturta ka kamar yadda ka suturta ƴaƴan mutane. Ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Barira, Allah ya ba ki haƙuri, ya ƙara miki irin ƙarfin jiya. Ga Sauda da Zuhura, Allah ya zama gatanku, ya raya ku bisa halin ubanku. Ga dangi na Damagaram da duk mutanenmu na nan, Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Kai ma Sa'idu ina yi maka ta'aziyya, domin ciki ɗaya kuka fito, na kuma ji kukanka ranar da aka fita da shi, ba na ƙarya ba ne. Allah ya ba ka haƙuri, ya shirye ka. In ka zo gaida matar yayanka, ka tsaya daga zaure.