Ranar da Baba Ya Ja Iya Zuwa Maradi

Wata safiyar Laraba ce, cikin kakar shekarar da ake babban taron ƙasa a Yamai, lokacin da mazan ƙauyenmu kan wuni a gindin bishiyar bedi sun kewaye rediyo. Ina zaure ina bitar karatun lakol, wato makarantar boko, sai na ji wani siririn fito yana tahowa ta hanyar gonaki, yara na biye da ihu. Babana ne. Direban masu haƙar rijiyoyi ne a lokacin, kuma ranar ya shigo da farar mota mai buɗaɗɗen baya, tana janye da wani ɗakin ƙarfe mai taya biyu, da taga da labule har da gado a ciki. A nan ma'aikata ke kwana in aiki ya kai su daji. An ce ya kai shi wajen Cadakori, hanya kuwa ta Maradi ta bi.

Iya, mahaifiyar Innata, tana gidan da ke manne da namu. Cutar yana ta rufe mata ido biyu tun ina aji ɗaya. Ni ke jan sandarta zuwa barka da gaisuwar mutuwa, ni ke tsince mata tsakuwa a wake, saboda sauran jikoki ba su iya zama wuri ɗaya. Angona take ce mini, tana ƙorafin an haɗa ta da miji marar magana. A satin nan rediyo ya yi ta sanarwa cewa likitocin ido sun sauka a Maradi, kuma daga la'asar ɗin Laraba za su daina karɓar mutane. Motar kasuwa sai Litinin. Inna tana jego. Ga mota Allah ya kawo har ƙofar gida, amma Iya ta ce ba ta zuwa. Bayan motar cike yake da siminti da bututu, wurin zama ɗaya ne, kusa da direba, direban kuwa mijin ɗiyarta ne. Tunda aka yi auren ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci yana wurin ba, in ta ji sallamarsa sai ta ja mayafi ta juya. "Gara in ƙarasa da duhuna," in ji ta, "da a gan ni kafaɗa da kafaɗa da shi."

Ni na raɗa wa Inna cewa ai akwai gado a ɗakin. Baba ya daɗe yana shafa kai. Ya ce ba a ɗaukar mutum a abin da ake ja, doka ma ta hana. Ya dubi bakin ƙofar Iya, ya dubi rana, sannan ya ce to, amma tafiyar hawainiya zai yi. Na tsaya ina kallo ya duba ƙugiyar da ta haɗa motar da ɗakin, ya zarga sarƙa, ya rage iskar tayu saboda rairayi. Iya ta kafe sai an tafi da buhun wake, don gidan dangi za mu sauka a Maradi, ba ta shiga hannu sake. Baba ya ajiye shi can gaba cikin ɗakin, ya ce mini nauyi in ya koma baya, ɗakin ne zai riƙa tuƙa motar. Daga nan ya zaro igiya daga tagar ɗakin zuwa tasa, ya rataya gwangwani da tsakuwa a ciki, ya ce in wani abu ya faru in ja.

Kafin Gazawa rairayi ne zalla. Duk inda motar ta yunƙura sai fiton nan ya tashi, Baba ya ce turbo ke nan, shi ke ba ta ƙarfin ja. Iya ta ce ƙarya ne, wani ɗan Fulani aka kulle a ciki yana kiran shanu. Ta kwanta ta sa ni a taga, ina faɗa mata abin da muke wucewa, gonar wa aka gama yanka, wa ya bar dammunansa a ƙasa, wane rumbu aka yi wa sabuwar jinka. Tana ji tana yanke wa kowa hukunci. Ba mu lura ba, ashe da muka hau gangaren gulbi buhun ya zame ya koma ƙarshen ɗakin.

Mun wuce Agiye muna kan kwalta wata babbar motar albasa ta gifta mu. Ɗakin ya karkata hagu, ya dawo dama, ya sake komawa, kowane karo ya fi na baya. Kwanoni suka zubo, Iya ta kama salati, na rarrafa na ja igiyar da hannu biyu. Baba bai taka birki ba, ƙafa ya ɗaga a hankali har abin ya lafa, ya gangara gefe. Ya zo bakin ƙofa, amma ya tsaya a kaikaice, idonsa a ƙasa. "Ka tambayi tsohuwa ko ta ji ciwo," ya ce. Iya tana nan tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, ta lulluɓe. "Angona, ka gaya wa mai motar waken ne ya tsorata, ba ni ba." Na maimaita masa kalma kalma. Ya ɗaure buhun a gaba, muka ci gaba a hankali fiye da dā, ina kallon inuwa tana tsawo ina ƙirga masu keken da ke wuce mu.

Ana kiran la'asar muka isa, Iya ce ta kusan ƙarshe da aka karɓa. Washegari aka yi mata aiki a idon dama, Baba ya wuce ya kai ɗakin inda aka aike shi. Ranar da aka cire auduga ta ce haske na sukarta, ta runtse. Muna zaune a barandar asibiti, na kasa tambayarta ko tana gani. Can sai ga Baba ya ɓullo daga nesa cikin mutane, bai yi sallama ba, ko takunsa ba a ji. Iya ta yi wuf ta ja mayafi ta juya wajen bango. Ta cikin mayafin ta mintsine ni ta ce, "Kai kuma ba ka taɓa gaya mini ya yi furfura ba."

Yanzu hanyar nan ba ta cin rabin wuni, surukata kuwa gaban motata take zama, tana yi mini faɗa in rage gudu, kuma ban ce ta yi laifi ba. Iya da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, ba tare da ɗaya ya taɓa duban ɗaya ido cikin ido ba. Amma in na ji fiton mota tana jan kaya a hawa, sai in ji igiyar nan a tafin hannuna. Ban ƙara ɗaukar saƙo mai daɗin nasu ba.