Yajin da Ban Yi Ba

Gidanmu yana bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, a wani ƙauye gaba da 'Yankara kaɗan. Ɗakunanmu suna jihar Katsina, gonar Baba kuwa tana ƙasar Tsafe. Da damina kullum yakan saɓa fartanya ya tafi wata jiha, ya dawo tasa ya ci tuwo. Da aka cire Zamfara daga Sakkwato, mutane suka yi ta zuwa yi masa barka wai gonarsa ta sami sabuwar gwamnati. Ya ce zai jira ya ga ko gero zai ƙara tsawo.

Mu dai ba mu san da wata iyaka ba. Asibitinmu Tsafe, goronmu Funtuwa, kayan ɗakin amarenmu Gusau. Yayyena biyu suna aure, ɗaya a 'Yankuzo, ɗaya a Mada. In aka yi rasuwa a Kwatarkwashi, rabin ƙauyenmu ba ya gida ranar. Gari ɗaya ne dogo aka shimfiɗa a kan kwalta, unguwanninsa ne kawai suka yi nisa da juna. Mutanen Gusau sukan tsokane mu su ce baƙi 'yan Katsina, Baba ya ce su je su tambayi kakanninsu daga ina suka taso.

Ni kuwa tun ina budurwa littattafan soyayya ne abincina. Akwai mai ba da hayarsu a kasuwar Tsafe, na karance rumfarsa kaf, wasu har sau biyu. A cikinsu na koyi cewa namijin da ba ya yawan magana shi ne mai zurfin so. Saboda haka da wani direban bas, mutumin ƙasar Bungudu, ya tsaya ƙofar gidanmu neman ruwan da zai zuba wa motarsa, ya karɓi bokiti ya mayar bai ce komai ba sai "madalla", na san an zo wurin. Ni na zaɓe shi, iyaye suka amince, aka kai ni unguwar Tudun Wada a Gusau, ɗaki ciki da falo a gidan haya.

Lokacin Gusau ta cika ta batse. Ma'aikata sun kwaso iyalansu daga Sakkwato, 'yan kasuwa sun biyo su, magina sun biyo 'yan kasuwa. Duk wanda ka taɓa yana da inda zai je a kan hanyar Funtuwa. Maigidana yakan fita da sassafe, ya dawo a gajiye, ya ci abinci ya ce madalla. Ina zaune ina jiran ranar da zurfin nan zai fito fili.

Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowa. Na haifi mace. Ranar suna maigidana ya zo tare da maza, suka tsaya a waje, hularsa kawai na hango ta saman katanga. Bayan haka motarsa takan wuce ta ƙofar gidanmu kusan kullum, zuwa da dawowa. Wani lokaci ya tsaya ya sauke itacen wankan jego, ko kanwa da gero, ya durƙusa ya gaida Baba a zaure, ya ja motarsa ya yi gaba.

"Yaron nan akwai kunya," in ji Inna. "Ko leƙowa ba ya yi. Kin yi dace."

Ni ban ga dacen ba. A littattafai, wanda aka raba da matarsa wata da watanni ramewa yake yi, ya kasa cin abinci, ya zo ya tsaya ƙarƙashin bishiya yana kallon tagarta. Muna da darbejiya a ƙofar gida, inuwarta ta isa. Na riga na tsara yadda abin zai kasance ranar komawata: zai zo da kansa, ya ce duniya ta yi masa duhu tun da na tafi, ni kuma in sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi.

Aka yi arba'in, Inna ta ƙara riƙe ni wasu makonni wai in yi ƙwari. Sai ga gwaggonsa ta zo daga Bungudu da wasu mata biyu, da goronsu, sun zo tafiya da ni. Haka ake yi, mata ne suke ɗauko mai jego. Aka yi gaishe-gaishe, aka yaba ƙibar jaririya, Inna ta ce in tashi in haɗa kaya.

Na ce, "Ni ba zan bi ku ba. Shi ya zo da kansa."

A wajenmu, miji ba ya zuwa ɗaukar matarsa da kansa sai in ta yi yaji ya zo biko. Na san wannan kamar yadda kowa ya sani, amma a ranar kaina yana can ƙarƙashin darbejiya.

Gwaggo ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya, da irin Hausarsu ta yamma. "Ɗiyata, mi yay yi miki?"

"Bai yi mini komai ba."

Ta dubi Inna, Inna ta dube ta. Wannan ita ce amsar da 'yar mutunci take bayarwa in laifin ya yi girman da ba ya faɗuwa. Gwaggo ta yafa mayafinta, ta ce Allah ya kyauta, suka fita ko furar da aka dama musu ba su sha ba.

Motar haya suka shiga, a mota kuwa ba a zama shiru. Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta bi titi ta shiga kowane gari. Yayata ta Mada ta zo tana hawaye, wai ta ji yana dukana. Ta 'Yankuzo ta aiko cewa ita ta ji horon yunwa yake yi mini, ga tsaba nan a ba ni. A tashar Gusau manyan direbobi suka zaunar da shi suka yi masa nasiha. Matan ƙauyenmu kuma suka daina tsayar da motarsa, sai su bari ta wuce su jira ta baya.

Da farko abin ya ɗan yi mini daɗi, don a littattafai ma sai an sha wahala kafin a kai shafin ƙarshe. Sai ranar da Baba ya kira ni ya ce, "Ba na tilasta miki ki faɗa. Amma ki sani, ban ba shi ke don ya wulaƙanta ki ba. In abin ya kai a rabu, ɗakinki yana nan." Ya faɗa a hankali, kuma Baba ba ya faɗar abin da bai shirya yi ba. Mijina nake so, ga shi ana shirin raba ni da shi don a kyauta mini. Na ce, "Baba, wallahi ba komai." Ya gyaɗa kai ya ce haka uwata ma take cewa.

Aka sa rana. Kawunsa ya zo daga Bungudu, aka kira liman, suka zauna a zaure da hantsi. Ni da Kaka, mahaifiyar Baba, muka laɓe a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Ta wata 'yar kafa na hango mijina a durƙushe, ya cire takalmi, yana kallon tabarma. Na duba da kyau ko ya rame. Bai rame ba, gaskiya.

"To, Alhaji," in ji Baba, "haka kuke riƙon mata a sabuwar jihar taku?"

"Malam, jihar ko shekara biyu ba ta yi ba, kak ka ɗora mata laifi," in ji kawun. "Wanga yaro tun Sakkwato muka gado shi." Ya juya wajen maigidana. "Kai, faɗi abin da kay yi."

Ya ce bai sani ba. Liman ya ce ya yi tunani, ɗan Adam ba ya rasa laifi. Sai maigidana ya ce akwai ranar da ya ce gishiri ya yi yawa a miya.

"Wannan ba ya kawo yaji," in ji Baba. "Ci gaba."

Ya ce akwai ranar da na aike shi kananzir ya manta. Ya ce ya taɓa shiga falo da takalmi bayan na yi shara. Dattawa suka yi ta girgiza kai, ba su ƙoshi ba. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, ya taɓa yage takardar ƙarshe ta wani littafina ya ƙunshe goro.

Saura kaɗan in yi magana. Littafin nan na yi wata guda ina zargin maƙwabciyata a kansa, har yau ban san ko yarinyar cikinsa ta auri malamin makarantar ba. Kaka ta dafe mini baki.

Sai aka ce in fito. Na durƙusa a bakin ƙofa, na ja mayafi na rufe fuska. Baba ya ce ga mijina, ga magabatansa, in faɗi abin da ke raina. Ta yaya zan buɗe baki a gaban mahaifina da liman in ce so nake a yi kewata? Ko a littafi ba a yin wannan a zaure. Na yi shiru, shirun kuma ya ƙara tabbatar musu da abin da suke tsoro. Na ji Baba ya gyara murya, irin gyaran da yake yi in zai yanke magana.

"Ku dakata," in ji Kaka. "Ku ba ni kishiyar tawa." Haka take kirana, maigidana kuma ta ce masa mijinta. Ta ja ni ɗakinta ta saki labule. "Ke, faɗa mini. In ba kya so ni ina so, ga mota ga itace."

Na ce, "Kaka, so nake ya ce ya yi kewata."

"Ya ce me?"

Na maimaita. Ta kalle ni, ta zauna bakin gado, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa.

"An tara dattawan jiha biyu," ta ce tana share ido, "an hana bawan Allah lodi, don bai ce ya yi kewarki ba. Kakanki har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Da ya faɗa sau ɗaya dai da na ji daɗi. Tashi mu je."

A zaure ta ce musu maganar mata ce, ta ji ta, ta kashe ta. Yaro ba shi da laifin da za a riƙe. Sharaɗi ɗaya ne: ya ɗauki matarsa yau da kansa, a motarsa, su kaɗai. Baba ya tambaye ni ko haka ne, na gyaɗa kai da sauri fiye da yadda ya kamata. Liman ya yi addu'a aka shafa.

Sai dai a titin nan mota ba ta tafiya babu kowa. Kafin a gama ɗaura kayana, wata maƙwabciyarmu ta fito za ta asibitin Tsafe. Wani tsoho ya jawo akuyarsa za shi Kwatarkwashi. Kawu ma ai ba za a bar shi a hanya ba. Matan da suka yi makonni suna ƙin motarsa suka ce tun da an shirya, a matsa musu. Duk wanda ya zo ɗan'uwan wani ne, babu wanda za a ce wa a'a. Na zauna a gaba da jaririya a cinya, bayana cike da jama'a.

Bayan Tsafe wasu mata suka shigo waɗanda ba su san mu ba. Ɗaya ta ce ko mun ji labarin direban nan da ya kori matarsa da ɗanyen goyo. Kawu ya ce ya ji, mutumin banza ne. Motar ta ɗauki dariya, matar ta rasa dalili. Shi kuwa idonsa yana kan titi, kunnensa kawai na ga yana motsi.

Da la'asar muka isa Tudun Wada, bayan ya sauke kowa a inda za shi. Ya kwance kayana ya jera a ƙofar ɗaki. Ya daɗe yana laluben makulli, aljihu bayan aljihu, daga baya ya koma mota ya samo shi a ƙarƙashin kujera. Kwaɗon ya ƙi buɗuwa sai da ya ɗiga masa man inji.

Ɗakin yana nan yadda na bar shi ranar da aka tafi da ni. Zanin da na shimfiɗa a gado ko lanƙwasa bai yi ba. Ƙura ta rufe kwanukan jere, gizo ya yi saƙa daga ƙofa zuwa taga.

Na ce, "A ina kake kwana?"

"Tasha. Cikin mota."

"Duk watannin nan?"

Ya sosa ƙeya, yana kallon rufin ɗaki. "Na gwada kwana nan ranar farko. Ɗakin ya yi mini girma." Sannan ya dube ni. "Don Allah, mi niy yi?"

Na ce babu komai, ya karɓi yarinyar ya fita da ita tsakar gida kada ƙura ta shaƙe ta. Ya karɓe ta a ɗarare, kamar an miƙa masa tiren ƙwai. Na ɗaura ɗankwali a hanci, na ɗauki tsintsiya. Har aka kira magariba ina shara, ina atishawa, ina maimaita maganar nan a zuciyata, ina gwada yadda za ta zauna a shafin littafi. Maƙwabciyata ta leƙo yi mini sannu da zuwa, ta tarar da ni ina dariya ni kaɗai a cikin ƙura, ta tambaya ko lafiya.