Tarin Ƙasimu Mai Sunaye Da Yawa

Ƙasimu mai injin niƙa a Zandam mijin ƙanwata Juwairiyya ne, kuma ni dai ban yafe masa ba. Kowa ya ji ya ƙara.

Shekara goma sha biyu yana tsaye a bakin injin nan, gari ya yi masa fari fat har gira. Mutum ne mai bakin tsiya, ko dawarki ya zubar sai ya san yadda ya yi kika ba shi haƙuri. Da tari ya kama shi, sai ya ce ƙurar gari ce. Da ya fara ramewa, ya ce sanyi ne. Da aka ga jini a ƙasa inda ya tofa, ya ce sammu ne, wai mai injin garin Kiyako ke baƙin ciki da cinikinsa. Daga baya ya tsaya a kan fuka. A wajenmu kuwa idan an ce fuka, ciwon numfashin nan ake nufi da ake gado, wanda ba a ɗauka. Sai kowa ya kwantar da hankalinsa, mata suka ci gaba da aika niƙa, Juwairiyya ta ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da shi tana dafa masa citta.

Can sai ga Ƙasimu ya murmure, har da ƙiba. Ita kuma ta ɗauki tarin. Na ce mu je asibiti, ya ce fuka ce, tasa ma da zuma ta tafi. Wata biyar yana hana ta, sai da ta koma kamar sillen kara na ɗauke ta da ƙarfi zuwa Birnin Kudu, yana biye da mu yana mita.

Malamar asibiti ta auna ta ta ce tibi ne, tarin nan da ake ɗauka, ta tambaye ta ko akwai mai tibi a gidansu. Baiwar Allah ta ce a'a, fuka dai maigida ya yi. Malamar ta ɗaga kai ta gan shi a bakin ƙofa.

"Malam Ƙasimu! Ba kai ka sha magani wata shida a nan ba? Ba mu ce ka kawo iyalinka a auna su ba?"

Ashe munafukin duk zuwa sayen kayan injin da yake yi, magani yake karɓowa. Tsoron kar a daina kawo masa niƙa ya sa ya rufe bakinsa.

Kwana tara Juwairiyya ta yi tana shan maganin, Allah ya karɓi abarsa.

Ranar zaman makoki ina cikin gida na jiyo shi a zaure, yana gaya wa masu gaisuwa cewa gajeriyar rashin lafiya ta yi. Wallahi ban san lokacin da na isa bakin zauren ba, ko mayafi babu.

"Tibi ne ya kashe ta!" na ce. "Tibin Ƙasimu!"