Ranar da Moton Sallau Bai Yi Hayaƙi Ba

A Gaya, in ka hango shuɗin hayaƙi ya taso daga bakin tasha ya miƙa hanyar gada, ba sai ka tambaya ba, Sallau ne ya fito. Motonsa babur ne irin dogon nan mai tayoyi masu haƙora, wanda ma'aikatan gona ke shiga daji da shi a da. Gwanjonsa ya saya hannun wani ma'aikaci da aka mayar Dosso, tun matarsa Balkisu tana amarya, ga shi yanzu 'yarsu ta fari tana kwaleji. Da shi yake kai mutane da kaya ƙauyukan da mota ba ta shiga, ranar da babu tafiya kuma ya zauna ƙarƙashin dalbejiyarsa yana gyaran na mutane.

Injin irin wannan moto ba kamar na 'yan kabu-kabu ba ne. Man inji da isansi, wato fetur, tare yake shan su, ya ƙone su tare, shi ya sa yake hayaƙi. Famfon da ke haɗa su ya mutu tuntuni, Sallau ya cire ya yar, ya koma awo da gwangwanin tumatir. Ya sayi isansin kwalba, ya tsiyaya mai, ya girgiza, ya ɗaga wa rana ya duba launi kafin ya zuba. Duk wanda ya kawo masa irin wannan inji, ko na jan ruwan lambu ne, sai ya sha huɗuba kafin ya sha gyara.

"Ku rage ma cikinku in kuna so, kada ku rage mishi mai. Hayaƙin nan da kuke ƙi, shi ne lahiyatai."

Ya faɗi wannan magana har masu shayin bakin tasha suna ƙarasa masa ita. Mutum ne mai baki, ba ya ragawa kowa, dariyarsa daga ƙetaren titi ake jin ta. Amma akwai mutum ɗaya da in ya ɓullo, Sallau sai ya koma kamar injin da aka zare wa buji, filogin da ke ba shi wuta: surukinsa Malam Yahaya, mahaifin Balkisu. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In ya hange shi a hanya, kashe moto yake ya sauka ya durƙusa, sai tsohon ya yi nisa ya tayar.

To, a wata damina aka sa ɗaurin auren Zahra'u, 'yar marigayi Harun ƙanen Malam Yahaya, a ƙauyensu can gefen hanyar Junju, bayan sallar Juma'a. Harun yana ciwon ajali ya riƙe hannun yayansa ya ce shi zai ba da ita da bakinsa. Kowa a dangi ya san da wannan. Sai ruwa ya cinye hanyar ƙauyen, masu mota suka ce ba da su ba. Moton da zai ratsa rairayin nan da taɓo guda ɗaya ne a unguwar.

Balkisu ce ta kawo saƙon cewa Sallau ne zai kai Malam Yahaya, tana ninke farar shaddar mahaifinta da ta karɓo daga mabuga. Cikin wasa ta ce, "Don Allah dai kada ka kai muna shi can kamar kifin da anka banda."

Ta yi dariyarta ta wuce, shi kuwa maganar ta zauna masa. Ya san halin bututun hayaƙinsa, ba hayaƙi kaɗai yake ba, har tofin baƙin mai yake yi wa rigar wanda aka goya. Ranar Alhamis bai karɓi aikin kowa ba. Ya kwance bututun ya ƙona shi a wuta ya kakkaɓe dattin, ya wanke matacin iska, ya sa sabon buji, ya ja sarƙa. Da safiyar Juma'a ya ɗauki gwangwanin tumatir ya cika shi da mai kamar kullum. Sai ya tuna farar shadda. Ya mayar da rabi cikin gora, ya ƙara mayar da kaɗan, ya ce a ransa na yau kaɗai. Mutumin da ya shekara yana yi wa Gaya wa'azin mai ke nan, kuma babu wanda ya sa shi.

A kan kwalta komai ya tafi daidai. Moton ya yi sauƙi, babu hayaƙi, har Malam Yahaya daga baya ya ce, "Yau abin hawan naka ya yi ladabi, Malam." Sallau ya ce, "To, Baba," kansa na neman fashewa don daɗi.

Da suka bar kwalta suka faɗa rairayi, ya koma ƙaramin giya, injin ya fara ihu. Ba a jima ba ya ji muryar injin ta bushe, zafi yana dukan ƙwaurinsa, wani ƙauri yana tasowa. Ya gane sarai. Gorar man tana ɗaure a gefe, tsayawa kawai zai yi ya ƙara. Amma tsayawa na nufin ya sauke surukinsa a tsakiyar daji, ya buɗe tanki a gabansa, a tambaye shi me ya sa bai zuba tun a gida ba. Ya ce bari su kai waccan kukar. Da suka kai, ya ce bari su haye wancan tudun.

Ba su haye ba. Injin ya yi wani ƙara kamar an ja ƙarfe a kan dutse, tayar baya ta ƙame, moton ya ja su ya tsaya. Sallau ya taka abin tayarwa, ko motsi bai yi ba. Fistan ya manne. Ya jira ya huce, ya ɗura masa mai ta ramin buji, ya sake takawa har gumi ya rufe masa ido, a banza. Ya ciro waya, babu rezo, kira ba ya shiga.

Tsohon yana tsaye a inuwa, ya tattare rigarsa. Ya ce, "Mi ya same shi?"

Ƙarya goma ta zo wa Sallau a baki, kowacce za ta shiga, don tsohon bai san buji daga ƙusa ba. Amma ya kasa. Yana durƙushe, idonsa a ƙasa, ya ce, "Mai na rage mishi, Baba."

"Don mi?"

Idon Sallau ne ya ci amanarsa, ya kai kan gefen shaddar ya dawo. Malam Yahaya ya dubi rigar jikinsa, ya daɗe yana dubanta. Da zagi ya yi, da Sallau ya fi jin sauƙi.

Sallau ya ce su bar moton a nan su yi sauri a ƙafa. Tsohon ya ce, "Mu bar abincin ɗiyata da jikokina cikin daji? Kama mu tahi." Ya tuɓe babbar rigar ya ninke ya ɗora a ka, ya rage daga shi sai 'yar shara, ya dafa bayan moto. Sallau ya roƙe shi har da rantsuwa, ya ƙi. Haka suka yi ta turawa, Sallau a gaba riƙe da kan moton, yana jin numfashin dattijo a bayansa yana fita da ƙyar. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Ya gwammace ƙasa ta tsage da ya ga haƙarƙarin surukinsa a waje.

Sun iso bakin ƙauyen la'asar ta kusa. Malam Yahaya ya wanke ƙafa a wani kududdufi ya mayar da rigarsa. A ƙofar gida an naɗe rabin tabarmi, ƙwallayen dabino a warwatse a ƙasa. Liman ya jira har hadari ya haɗu, dangin ango kuma daga nesa suke, sai aka sa wani ɗan uwa na nesa ya ba da auren. An shafa fatiha tun ɗazu.

Mutane suka taso, idanu duka a kan Sallau da motonsa. Kafin wani ya buɗe baki, tsohon ya ce, "Laihina ne. Ni na makara wurin shiri, na matsa mishi shi yi gudu cikin rairayi har injin ya ƙone. Ya hana ni, ban ji ba."

Sallau ya ɗago zai yi magana. Malam Yahaya ya dube shi ido cikin ido, kallo ɗaya, Sallau ya mayar da maganar ciki.

Daga bayan darni muryar uwar amarya ta fito cikin kuka. "Yaya, Harun kai ya bar ma ita. Abu guda ya roƙe ka. Shi ne za ka tsaya shiri?"

Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, "Na makara. Ki yahe mani."

Sallau ya ja moton ya kai bayan zaure ya zauna a ƙasa, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Yana nan wata mata ta zo da kwano a rufe ta ajiye a gabansa, shinkafa ce da manyan tsokoki a kai, irin wanda ake ware wa babban baƙo.

Ta ce, "In ji uwar amarya. Ta ce sannu da wahala, Allah shi saka maka da haƙurin da ka yi da tsohon nan."